Alabama a 1963: Shekarar da Yara Suka Karya Lagon Wariyar Launin Fata

Ranar 14 ga Janairun 1963 aka rantsar da George Wallace a matsayin gwamnan Alabama, ɗaya daga cikin jihohin kudancin Amurka. An yi bikin a ƙofar ginin gwamnatin jihar da ke Montgomery, wurin da Jefferson Davis ya sha rantsuwa a 1861 don shugabantar jihohin kudu da suka ɓalle saboda kada a raba su da bayinsu. Wallace ya tuna wa jama'a wannan tarihi da bakinsa, sannan ya yi alwashin cewa wariya tsakanin farar fata da baƙar fata za ta zauna daram a jiharsa har abada. Ba a cika shekara ɗaya da rabi da wannan alwashi ba, sai ga Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariyar a faɗin ƙasar, ranar 2 ga Yulin 1964.

Me ya faru a tsakani? Baƙar fatar Alabama sun shekara 100 suna shan wulaƙanci bayan shelar 'yanta bayi ta 1863. An kashe su, an ƙona musu gidaje, an hana su jefa ƙuri'a, gwamnatin tarayya kuwa ta yi kunnen uwar shegu. To me ya sa 1963 ta fita daban? A ganina amsar ita ce, a wannan shekara talakawa masu tsari suka tono zaluncin suka baje shi a bainar jama'a, suka kuma mayar da shi asara ga masu cin moriyarsa. 'Yan kasuwa suka yi asarar ciniki, gwamnatin Washington ta yi asarar mutunci a idon duniya. Kaso mafi tsada na wannan nasara kuwa, yara ne suka biya shi.

Garin da aka gina a kan tsoro

Wariya a Alabama doka ce rubutacciya. Kundin tsarin mulkin jihar na 1901 ya kawo harajin jefa ƙuri'a da jarrabawar karatu, waɗanda jami'an rajista farar fata ke amfani da su yadda suka ga dama. Baƙar fata fiye da 180,000 ne suka cancanci zaɓe a 1900, amma a 1903 waɗanda suka rage a rajista ba su kai 3,000 ba. Wanda aka ƙwace wa ƙuri'a kuwa ba shi da ta cewa a kan alƙali, ko ɗan sanda, ko makarantar ɗansa.

A Birmingham, birni mafi girma a jihar kuma cibiyar masana'antun ƙarfe, abin ya fi ƙamari. Mazaunansa sun kai kusan 340,000, wajen kashi 40 cikin 100 baƙar fata ne, amma babu ko ɗaya daga cikinsu a aikin ɗan sanda ko na kwana-kwana. Famfon shan ruwa daban, makewayi daban, makaranta daban. Dokar birnin ta hana baƙi da fari ko da zama su buga karta tare. Mace baƙa za ta shiga babban kanti ta kashe kuɗinta, amma ba za ta zauna a teburin cin abincin kantin ta sha ko shayi ba. Da kotu ta ce a buɗe wuraren shaƙatawa ga kowa, sai hukumar birnin ta gwammace ta rufe su gaba ɗaya a 1962. Bayan doka kuma akwai nakiya. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu an tayar da bama-bamai kusan 50 a gidaje da coci-cocin baƙar fata, har wata unguwa ta samu laƙabin tudun nakiya, kuma kusan babu wanda aka hukunta.

Mutum biyu ne suka tsaya a ɓangarorin wannan gari. Na farko Eugene Connor, wanda aka fi sani da Bull Connor, kwamishinan da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ke ƙarƙashinsa. A 1961 'yan sandansa suka ƙi bayyana a tashar mota har sai da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu ra'ayin fifikon farar fata, suka gama lakaɗa wa masu fafutuka duka. Na biyu Fasto Fred Shuttlesworth. Da jihar ta haramta babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP a 1956, shi ya kafa wata a madadinta. A daren Kirsimetin wannan shekara aka tarwatsa gidansa da bam, ya fito da rai. A 1957 ya kai 'ya'yansa makarantar farar fata, aka yi masa duka da sarƙa, aka soki matarsa da wuƙa. Bai bar garin a lokacin ba, bai kuma yi shiru ba. Shi ne ya dage sai Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ya zo Birmingham, domin a cewarsa idan wariya ta faɗi a nan, to ta faɗi a ko'ina.

Dabarar da aka shirya

King ya zo ne da darasi mai ɗaci. A garin Albany na jihar Jojiya, tsakanin 1961 da 1962, shugaban 'yan sanda Laurie Pritchett ya yi ta kama masu zanga-zanga cikin ruwan sanyi, ba duka a gaban 'yan jarida, ya rarraba su gidajen yarin garuruwan kewaye. Yunƙurin ya mutu ba tare da an samu wani abin kirki ba. Saboda haka a Birmingham aka taƙaita buƙatu, aka kuma zaɓi inda za a danna. Wyatt Tee Walker, wanda ya tsara shirin, ya auna nisan da ke tsakanin cocin da za a riƙa taruwa da manyan kantuna, har kujerun cin abincin kantunan sai da ya ƙirga. An nufi aljihun 'yan kasuwa ne, kuma aka zaɓi lokacin sayayyar bikin Ista, wanda in ban da na Kirsimeti babu kakar ciniki kamarsa.

An fara ranar 3 ga Afrilu, kwana ɗaya bayan Connor ya faɗi zaɓen magajin gari a hannun Albert Boutwell. Connor ya ƙi sauka, ya garzaya kotu, sai birnin ya wayi gari da hukumomi biyu kowace na cewa ita ce halastacciya. Wannan ya sa mutane da yawa, har da wasu manyan baƙar fata, suka ce King ya yi gaggawa, kamata ya yi a ba sabuwar hukuma lokaci.

Makonnin farko ba su yi armashi ba. Kotun jiha ta haramta zanga-zangar, King ya take umarnin, aka kama shi tare da abokin fafutukarsa Ralph Abernathy ranar Juma'a 12 ga Afrilu. A ranar ce malaman addini farar fata su 8 suka fitar da sanarwa suna cewa zanga-zangar ba ta dace ba kuma ba lokacinta ba ne. King ya ba su amsa daga kurkuku, ya fara rubutun a gefen takardar jaridar da aka shigar masa da ita. Wasiƙar, mai ɗauke da kwanan wata 16 ga Afrilu, ta nuna cewa wanda bai taɓa ɗanɗana wulaƙanci ba shi ke da sauƙin cewa a yi haƙuri, kuma mai son zaman lafiya ba tare da adalci ba yakan fi maƙiyi na fili tare hanya. Yau ana karanta ta a makarantun duniya, amma a lokacin ba ta motsa kowa a Birmingham ba. Da aka saki King ranar 20 ga wata, kuɗin beli ya kusa ƙarewa, masu yarda a kama su sun yi ƙaranci, 'yan jarida sun fara haɗa kayansu.

Dalili a fili yake. Magidancin da aka kama yau, gobe ubangidansa farar fata zai sallame shi daga aiki, mai gida ya kore shi, banki ya bi shi bashi. Tsoron yunwa ya fi tsoron kulki ƙarfi.

Ranar da makarantu suka zama kango

James Bevel, wani matashin fasto, ya kawo shawarar da ta tayar da hankalin kowa: a fito da 'yan makaranta, tunda su ba su da aikin da za a kore su daga gare shi. An yi kwanaki ana koya musu yadda za su jure zagi da duka ba tare da ramuwa ba. Masu gabatar da waƙoƙi a gidajen rediyon baƙar fata suka riƙa isar da saƙo a kaikaice, suna cewa za a yi walima a dandali, kowa ya zo da buroshin haƙorinsa. Yaran sun gane nufin: a shirya kwanan kurkuku.

Ranar Alhamis 2 ga Mayu, yara fiye da 1,000 suka bar aji. A makarantar Parker an kulle ƙofa, suka tsallake katanga. Suka taru a cocin Baptist da ke Titi na 16, suna fitowa hamsin-hamsin suna waƙa. Da an kwashe rukuni ɗaya sai wani ya fito. Motocin 'yan sanda suka cika, aka koma kwasar su da motocin makaranta. Ɗaruruwa aka kama a ranar, cikinsu har da Audrey Faye Hendricks, 'yar shekara 9.

Washegari Connor ya ga ba shi da wurin zuba su, sai ya yanke shawarar hana su tafiya da ƙarfi. A dandalin Kelly Ingram, daura da cocin, aka saki mesar 'yan kwana-kwana a kan yara. Ƙarfin ruwan yana ɓare ɓawon itace, yana yage riga, yana mirgina yarinya a kan kwalta. Wasu suka riƙe hannun juna suka manne da bango don kada ruwan ya tafi da su. Aka kuma sako karnukan 'yan sanda. Wani mai ɗaukar hoto, Bill Hudson, ya kama lokacin da ɗan sanda ya riƙe rigar wani saurayi, kare kuma ya kai masa cafka a ciki. Da safe hoton yana shafin farko na jaridar New York Times, Shugaba John Kennedy ya gani ya ce abin ya tayar masa da zuciya.

Fitar da yara ya sha suka, kuma sukar tana da nauyi. Robert Kennedy, ministan shari'a, ya yi gargaɗin cewa ran yaro ba abin wasa ba ne. Malcolm X, wani jagoran baƙar fata, ya ce ba aikin maza ba ne su sa yara a gaba. Wane uba ne zai ji daɗi ya ga 'yarsa a gaban kare? Sai dai masu shirin suna da amsa: waɗannan yara da ma a cikin wariyar aka haife su, ita ta zaɓa musu makaranta mai tsofaffin littattafai, ita ta sa ana kiran ubansu yaro a gabansu. Ba zanga-zanga ce ta jefa su cikin haɗari ba, da ma suna ciki. Ina ganin hujjar tasu ta fi ƙarfi, amma wanda ya karɓe ta dole ya karɓi nauyin abin da ya biyo baya a watan Satumba.

Aljihu da mutunci

Kafin 7 ga Mayu, waɗanda ke tsare sun kai kusan 2,500, har filin baje kolin jihar aka mayar gidan yari. A ranar, yayin da manyan 'yan kasuwar birnin ke taro, dubban matasa suka mamaye tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ciniki ya tsaya cak. A ranar ce kuma ruwan mesa ya maka Shuttlesworth da bango har aka kwantar da shi a asibiti. 'Yan kasuwa irin su Sidney Smyer, wanda shi kansa mai ra'ayin wariya ne, suka ga cewa garin da ke cikin wannan hali ba mai zuba jari a cikinsa. Da taimakon Burke Marshall, wakilin ma'aikatar shari'a ta tarayya, aka cim ma yarjejeniya ranar 10 ga Mayu: a cire wariya a teburan cin abinci da makewayi da famfunan kantuna cikin kwana 90, a fara ɗaukar baƙar fata aikin kanti, a saki waɗanda aka kama, a kafa kwamitin tattaunawa. Ƙungiyoyin ƙwadago da mawaƙi Harry Belafonte suka taimaka da kuɗin beli.

Daren 11 ga Mayu 'yan Klan suka ba da tasu amsar. Bam ya tashi a gidan A. D. King, ƙanen Martin, wani kuma a masaukin A. G. Gaston inda Martin ke sauka. Baƙar fata da haƙurinsu ya ƙare suka fito da duwatsu, aka ƙona shaguna. Shugaba Kennedy ya tura sojoji sansanonin da ke kusa. Wannan dare ya nuna wa Washington cewa idan ba a biya wa masu lumana buƙata ba, waɗanda za su gaje su ba za su zo da waƙa ba. A makonnin da suka biyo baya, zanga-zanga ta bazu zuwa birane fiye da 100.

Akwai kuma idon duniya. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka na neman ƙawancen ƙasashen da suka samu 'yanci kwanan nan, Tarayyar Sobiyet kuwa tana yaɗa hotunan Birmingham. A ƙarshen watan Mayun ne shugabannin Afirka, ciki har da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Najeriya da Diori Hamani na Nijar, suka taru a Addis Ababa don kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Firaministan Uganda Milton Obote ya aika wa Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa yana Allah wadai da abin da ake yi wa baƙar fatar Alabama, taron kuma ya bayyana damuwarsa kan wariyar Amurka a cikin ƙudurorinsa. Ƙasar da ke kiran kanta jagorar 'yantacciyar duniya ta rasa bakin kare kanta.

Gwamna a bakin ƙofa

Ranar 11 ga Yuni Wallace ya cika wani alkawarin da ya yi wa magoya bayansa. Ya tsaya a ƙofar zauren rajista na Jami'ar Alabama da ke Tuscaloosa don hana ɗalibai biyu baƙar fata, Vivian Malone da James Hood, shiga. Mataimakin ministan shari'a Nicholas Katzenbach ya nemi ya kauce, ya ƙi. Kennedy ya mayar da dakarun tsaron jihar ƙarƙashin ikon tarayya, kwamandansu Janar Henry Graham ya zo ya ce wa gwamnan nasa ya ba da hanya, ya ba da. Shekara 7 kafin nan, a wannan jami'a, tarzoma ta sa an kori wata ɗaliba baƙar fata, Autherine Lucy, bayan kwana 3 kacal a aji. Wannan karon ɗaliban sun yi rajista, Vivian Malone kuma ta kammala a 1965.

A daren Kennedy ya yi wa ƙasa jawabi ta talabijin, ya kira matsalar da sunanta: batu ne na ɗa'a da adalci. Sa'o'i kaɗan bayan jawabin aka harbe Medgar Evers, jagoran NAACP a Misisipi, a ƙofar gidansa. Ranar 19 ga Yuni aka miƙa wa majalisa ƙudurin dokar 'yancin jama'a. Gangamin Washington na 28 ga Agusta, wanda ya tara mutum kusan 250,000, ya zo ne don mara wa ƙudurin baya, kuma guguwar Birmingham ce ta cika shi.

Lahadi, 15 ga Satumba

A farkon Satumba kotunan tarayya suka tilasta buɗe makarantun gwamnati ga baƙar fata a Birmingham da Tuskegee da Mobile da Huntsville. Wallace ya tura 'yan sandan jiha su tare ƙofofi, yana hura wutar da ba shi zai ƙone a cikinta ba. An kai wa gidan lauya Arthur Shores harin bam sau biyu cikin mako biyu.

Ranar Lahadi 15 ga wata, da ƙarfe 10:22 na safe, nakiyar da aka binne ƙarƙashin matakalar cocin Titi na 16 ta tashi. 'Yan mata biyar suna ɗakin ƙasa suna gyara tufafinsu, domin ranar ta matasa ce, su za su yi hidima. Addie Mae Collins da Cynthia Wesley da Carole Robertson, kowace 'yar shekara 14, da Denise McNair 'yar shekara 11, suka mutu nan take. Sarah, ƙanwar Addie Mae, ta rasa ido ɗaya. Kafin rana ta faɗi an ƙara kashe yara biyu: ɗan sanda ya harbe Johnny Robinson mai shekara 16, wani matashi farar fata kuma ya harbe Virgil Ware mai shekara 13 yana kan keke tare da wansa.

Washegari wani lauya farar fata, Charles Morgan, ya tsaya gaban 'yan uwansa ya ce duk wanda ya yi shiru yana da hannu a wannan jini. Barazanar da ta biyo baya ta sa ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Gaskiyar da ya faɗa ita ce mafi wuyar haɗiya a duk shekarar: mutum huɗu ne suka dasa bam, amma gari guda ne ya ba su ƙwarin gwiwa.

Abin da aka samu, da abin da ya rage

An kashe Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba, Johnson ya ɗauki ƙudurin ya kai shi gaci. Dokar 1964 ta haramta wariya a otal da gidan abinci da wurin aiki. Ƙuri'a kuwa sai da aka sake zubar da jini. Tun a 1963 matasa ke fama da rajistar masu zaɓe a Selma, inda baƙar fatar da ke cikin rajista ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma daga can aka samu dokar 'yancin zaɓe ta 1965. A 1979 Birmingham ta zaɓi Richard Arrington, magajin garinta baƙar fata na farko. A 2008 aka sa wa filin jirgin saman birnin sunan Shuttlesworth.

Shari'ar 'yan matan kuwa ta yi tafiyar hawainiya. Hukumar FBI ta san waɗanda ake zargi tun 1965, amma shugabanta Edgar Hoover ya hana a gurfanar da su, aka rufe fayil a 1968. Sai a 1977 babban lauyan jihar Bill Baxley ya samu aka ɗaure Robert Chambliss. An ɗaure Thomas Blanton a 2001, Bobby Frank Cherry a 2002. Herman Cash ya mutu a 1994 ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Wallace ma bai faɗi ba. Tsayuwarsa a ƙofar jami'a ta sa ya yi suna a faɗin ƙasa, har ya ci jihohi 5 da ƙuri'a kusan miliyan 10 a zaɓen shugaban ƙasa na 1968. Bayan harbin da ya nakasa shi a 1972 ya nemi gafarar baƙar fata, da yawansu suka zaɓe shi a 1982. Amma siyasar tsoratar da talaka fari da talaka baƙi ta rayu bayansa. A 2013, a ƙarar da gundumar Shelby mai maƙwabtaka da Birmingham ta shigar, Kotun Ƙoli ta rushe sashen dokar 'yancin zaɓe ta 1965 da ke tantance jihohin da, kamar Alabama, dole su nemi izinin tarayya kafin su sauya dokar zaɓe. A 2023 kotun ta sake duba Alabama, ta ce taswirar mazaɓunta ta tauye baƙar fata, waɗanda suka haura kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar jihar amma a lokacin a mazaɓa ɗaya tak cikin 7 suke da rinjaye.

Duk wanda ya taƙaita 1963 a kan jawabin mutum ɗaya, kamar wanda King ya yi a gangamin Washington, komai daɗin jawabin, ya zalunci tarihi. Masu mulki ba su sauya zuciya don an yi musu wa'azi ba. Sun sauko ne da kanti ya daina ciniki, kurkuku ya cika, duniya ta zuba ido. Waɗanda suka kawo hakan su ne faston da ya shekara bakwai yana shan bam da sarƙa, da matan da suka hana kansu sayayya, da yaran da suka tsallake katangar makaranta, kuma sunayensu ya kamata mai karatu ya riƙe tare da na King. Hukuncin da shekarar ta bari mai nauyi ne: Amurka ta iya sauya dokarta cikin shekara ɗaya da rabi da aka matsa mata, amma sai da ta ɗauki shekara 39 kafin ta gama hukunta waɗanda suka kashe 'yan mata huɗu a wurin ibada.